Sunan 'Yar Fari a Ofishin Haraji

Ƙofar Ran, Bauchi
Farkon Yuli

Zuwa ga mutanen Lakwaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya kamar yadda muke nan, in ban da gwiwata ta hagu da take tuna mini shekaruna duk sanda hadari ya haɗu. A gaida maigidan. A gaida ƙawata Amatullah, a ce mata na ji labarin haƙoran da suka fita, kuma ni nawa suna nan daram.

Na san za ki ce ga waya a hannuna, me ya kai ni takarda. To, ke ma kin san a waya bakina ba ya buɗewa da ke, daga "lafiya lau" sai in miƙa wa ƙaninki Abdulbaqi. Takarda kuwa ba ta da idon da za ta kalle ni. Kuma ban sha zaryar ajin yaƙi da jahilci don in ci gaba da dangwala yatsa ba. Mijinyawa direba yana sauke wake a kasuwarku duk mako, shi zai riƙa kai miki yana kawo mini.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. An gina jerin shaguna a bakin hanyar barikin Shadawanka, za a ba masu abinci haya. Ni da Liatu, matar nan 'yar Bogoro da muke aiki tare, ni masa ita miya, mun je mun leƙa. Akwai famfo a bakin ƙofa, akwai wurin da mutum zai zauna ya ci kamar mutum. Kin dai san zauren da nake suya a cikinsa tun kafin a aurar da ke. Bana yoyo yake yi daidai kan tanda, ina juya masa Liatu tana riƙe mini lema. Wallahi ina son shagon nan, ban taɓa son wani abu na duniya haka ba.

Sai dai kwamitin rabon sun ce duk mai so ya kawo takardar shaidar biyan haraji kafin ƙarshen Agusta. Ni harajin da na sani shi ne tikitin da 'yan kasuwa ke yanka. Na tambayi mutum uku, kowa ya nuna mini gini daban. Ke ce mai koyar da lissafi a makaranta, ki bincika mini a kwamfutar nan taku inda ake zuwa, da abin da ake riƙewa a hannu, da abin da ba a faɗa.

Ga yaji da daddawa a leda. Wassalam.

Saudatu mai masa

*

Lakwaja
Tsakiyar Yuli

Innata,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, sai zafin garin nan da ko damina ba ta iya masa. Amatullah ta ce a gaya miki haƙoranta za su sake fitowa, naki kuwa in sun tafi sun tafi ke nan. Ki riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi, kuma ki bar wa Abdulbaqi ɗaukar bokitin ƙullu.

Da Mijinyawa ya miƙo mini ambulan na ga "mutanen Lakwaja", sai na ce masa ya kai fadar sarki, don ni mutum ɗaya ce. Na san dai 'yar fari ba ta da suna a bakin uwarta, amma ban san har biro ma yana jin kunyata ba.

Na yi murna da maganar shago ƙwarai, har na kasa zama wuri ɗaya. Na bincika, kuma abin bai kai yadda ake tsorata mutane ba. Ofisoshin haraji iri biyu ne. Akwai na tarayya, su da kamfanoni suka fi hulɗa. Mai sana'ar hannu irinki kuwa, na jiha za ta je. Shi ya sa mutanenki suka nuna miki gine-gine daban, kowa da gaskiyarsa. Da farko za su ba ki lamba, taki ce ke kaɗai har abada, kamar ta katin ɗan ƙasa. Ki tafi da katin naki, da ƙananan hotuna, da lambar wayarki. Sannan za a cika takarda a kan sana'arki da iyalinki da abin da kike samu a shekara. Daga nan su auna abin da ya hau kanki. Wanda samunsa bai taka kara ya karya ba ma wani lokaci ba ya biyan komai, amma shi ma sai an san da zamansa.

Suna da shafi a intanet, na buga miki bayanin da ke ciki na fassara shi da jan biro a gefe. Ana iya yin wasu abubuwan ta waya, amma tunda karon farko ne, zuwa da kai ya fi aike.

Kin tambayi abin da ba a faɗa. Inna, komai ana faɗa. Kada ki rage, kada kuma ki ƙara don a ce ke babbar 'yar kasuwa ce, don na san halinki in aka yaba masarki. Duk wanda ya tare ki a bakin ƙofa ya ce zai yi miki hanya, ki gode masa ki wuce ciki. Duk abin da kika biya ki karɓi rasit. Ki tafi da Liatu, ita Turancinta yana tafiya.

Yajin ya iso, har maƙwabciyata Bayarabiya ta yi atishawa ta roƙi ƙari.

'Yarki ta fari, ko an faɗa ko ba a faɗa ba,
Zubaida

*

Ƙofar Ran, Bauchi
Ƙarshen Yuli

Zuwa ga mutanen Lakwaja,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, gwiwa ta yi sauƙi. A gaida maigidan da mai giɓi.

Mun je. Na sa atamfata ta Sallah, Liatu ta sa ta coci, sai ka ce mu ne za mu karɓi harajin. Na bakin ƙofar da kika faɗa yana nan kuwa, har da jaka a hammata. Na gaishe shi na wuce.

Aka zaunar da mu gaban wani yaro mai bautar ƙasa, sunansa Godfrey, daga kudu aka turo shi. Yaron kirki ne, har kujerarsa ya ba ni. Hausarsa ce dai ba ta san mace ba ta san namiji ba. Ya ɗauki katina, ya danna abin da zai danna, sai ga lambata ta fito. Ya tambayi sana'a, na ce masa. Ya ce yana son masa. Ya tambayi sunan marigayi maigidana, na faɗi sunan mahaifinsa da unguwarsu, Liatu ta cike sauran. Komai yana tafiya sumul, sai ya ɗaga kai ya ce:

"Mama, yara naka guda nawa?"

Na ce huɗu.

"To, sunan na farko."

Na dubi Liatu, Liatu ta dubi silin. Ashe duk zaman da muka yi da matar nan ba ta san komai ba sai "Ta-Miri" da ake kiran ki tun Goggonki ta ɗauke ki ta raine ki a can. Na ce masa ya rubuta Ta-Miri. Ya ce a'a, na takarda yake so. Na shiga gyara ɗankwalina. Yaron nan ya ajiye biro, ya dube ni da tausayi, ya ce:

"Mama, kai ya manta? Ba komai. Kaka nawa ma yana manta."

Liatu ta tura bakin gyale cikin baki don kada dariya ta fito. Ni kuwa na ce masa na bar wuta a murhu, muka fito. Kan in kai bakin titi atamfar ta jiƙe sharkaf da gumi.

Amma ba wannan ya hana ni komawa ba, kada ki ɗauka haka. A cikin keke na yi tunani. Ni da ko albasa ba na saye sai na ga cikin buhu, yaya zan zuba kuɗina a inda ban san zurfinsa ba? Ki nemo mini, nawa gwamnati take tarawa a jihar nan, a hannun su wa, kuma ina yake tafiya. In na gani da idona sai in koma.

Af, kuma ki ba Mijinyawa hoton katinki na ɗan ƙasa. Sai in ajiye wa yaron a kan tebur ya kwafe abinsa, ba sai an wahalar da kowa ba.

Saudatu mai masa

*

Lakwaja
Farkon Agusta

Innata,

Wa'alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau, in ban da cikina da ya ƙulle saboda dariya. Na karanta wasiƙarki a ɗakin malamai, sai da mataimakin shugaba ya leƙo ya ga ko lafiya. Allah ya yi wa Godfrey albarka, shi da kakarsa.

Tunda ba kunya ce ta hana ki komawa ba, kishin ƙasa ne, na yi miki aikin. Kuma na ji daɗinsa, don ban san ana baje waɗannan abubuwa a fili haka ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana fitar da rahoto a kan abin da kowace jiha ta tara da guminta. Ita ma jiha tana sa kasafin kuɗinta a intanet, da wani rahoto da ke nuna abin da ya shigo da abin da aka kashe. Ba a wuri ɗaya suke ba, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar gyaɗa bayan an yi roro. Wani shafin ya ƙi buɗewa sai da na koma kwamfutar makaranta. Wani wurin kuma alƙaluman wannan ba su yi daidai da na wancan ba, na ja layi a ƙarƙashinsu don kada ki ce na ɓoye miki ruɓaɓɓiyar albasa.

Ga abin da na fahimta a taƙaice. Yawancin jihohi sun fi dogara da kason da ake aiko musu daga tarayya a kan abin da suke tarawa a gida. A cikin wanda ake tarawa a gidan kuma, mafi tsoka daga albashin ma'aikata ake cire shi tun kafin ya shigo hannu. Wato irinmu ne muke goye da irinku, kuma ko sannu ba ku taɓa ce mana ba. Inda yake tafiya kuwa, ga shi nan shafi na uku: albashi, makarantu, asibiti, hanyoyi, biyan bashi. Ko an yi duk abin da aka rubuta, wannan ke da kike Bauchi kin fi ni gani.

Saura maganar kati. Inna, ba zan aiko ba.

Ban taɓa samun dama irin wannan ba, kuma ba na jin zan sake samu. Gwamnati da kanta ta tsaya mini. Harafi bakwai ne kacal, ba za su karya miki haƙori ba. Na riga na ja kunnen Abdulbaqi da sauran ƙannena, duk wanda ya raka ki ya faɗa miki, babu shi babu tsarabar Sallah. In kuma kin ɗauko maƙwabciya, kin san kafin la'asar duk Ƙofar Ran ta ji cewa gwamnati ta kori mai masa da tambaya ɗaya.

Ki je ki faɗa, ko da raɗa ne. Liatu za ta ba ni labari, ya ishe ni.

Mai harafi bakwai,
Zubaida

*

Ƙofar Ran, Bauchi
Tsakiyar Agusta

Zuwa ga mutanen Lakwaja, har da marasa kunyar cikinsu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. An yi ruwa shekaranjiya kamar da bakin ƙwarya, sai a tsakar gida muka ƙarasa suya ƙarƙashin rumfar awaki.

Takardunki sun iso, kuma sun tayar mini da ƙura a zaure. Na liƙa shafin nan mai jerin jihohi a bango, sama da inda ake wanke hannu. Yanzu ba mai cin masa ya tashi sai ya nemo Bauchi da yatsa, har wurin ya yi baƙi da mai. Ashiru tela ya ce ƙarya ce, gwamnati ba ta faɗin abin da ke aljihunta. Wani soja ya ce gaskiya ce, don shi yana ganin abin da ake yanke masa duk wata. Suka yi ta musu har Ashiru ya ci masa biyar a kan abin da ya saba. Liatu ta ce ki ƙaro wasu shafukan, ciniki suke ja. Ni kuma da aka tambaye ni wa ya nemo, na ce wata malama ce a Lakwaja. Na gamsu dai, buhun ba duka ne lafiyayye ba amma ana iya saye.

Maganar kati kuwa, na ga abin da boko ya koya miki. Ni uwata har ta koma ga Allah ba ta kira yayanmu da suna ba, kuma bai fasa zama mutum ba. Wanda ya riga ki barci dole ya riga ki tashi. Jiya Godfrey ya zo cin masa, Liatu ta zaunar da shi ta karanta masa al'adarmu tun daga tushe. Yaron ya riƙe baki, ya ba ni haƙuri har da rusunawa. Sannan ya kawo shawara. Ya ce tunda babbar ta yi aure tana cin gashin kanta, ba dole ne a sa ta ba. A tsallake ta, a fara daga Abdulbaqi, a rubuta yara uku. Ya ce takarda ba za ta yi kuka ba.

Kin ga ke nan ba a rasa hanya. Ki riƙe katinki da kyau kada iska ta ɗauke shi.

Saudatu mai masa

*

Lakwaja
Ashirin ga Agusta

Inna,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Allah ya tsare ku da ruwan nan.

Ga hoton katin. Na sa har guda biyu ko ɗaya zai jiƙe. Wasa nake yi, ban yi nufin ya kai ga shagonki ba, kuma wata ya kusa ƙarewa.

In kuma kin riga kin bi shawarar Godfrey, ba komai. Gaskiya ya faɗa, takarda ba ta kuka. Amma ni na yi, ba zan ɓoye miki ba. Na karanta "yara uku" sai na ji kamar ranar da aka ba ni kyautar lissafi a makarantar Miri. Kin zo, na gan ki a layin baya. Da aka kira ni kowa ya yi tafi, ke kuma kika sunkuya kina gyara takalmi. Da aka tashi kika ba Goggo kuɗin mota kika ce a gaida yara. Ranar da za a kawo ni Lakwaja ma, kowa ya riƙe ni ya yi mini nasiha, ke kina madafa kina kankare tukunyar da an riga an wanke.

Na san al'ada ce. Na san ba ƙi ba ne, Goggo ta sha gaya mini, ni ma na sha gaya wa kaina. Ban taɓa rasa yaji ko daddawa ba, ban taɓa rasa zanen Sallah ba. Amma Inna, ina jin kina kiran Abdulbaqi tun daga zaure har lungu, wani lokaci da faɗa ma, sai in ji ina ma ni ce ake yi wa faɗan. Ni na kasa yi wa Amatullah kunyar nan, sunanta a bakina yake kwana yake tashi, har dangin babanta suna yi mini tsiya. Wataƙila ramuwa nake yi.

Shi ke nan, na faɗa na huta. Abin da ya fi komai yanzu ki karɓi takardar ki kai wa kwamiti. In aka raba shagunan nan babu ke saboda taurin kaina, ba zan yafe wa kaina ba.

'Yarki,
Zubaida

*

Lakwaja
Farkon Satumba

Inna,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mijinyawa bai zo ba mako biyu ke nan, yaran kasuwa sun ce motarsa ta lalace a hanya. Ban san ko wasiƙata ta isa ba, ban san ko ta isa ne ta ɓata miki rai ba. Na kira ki sau biyu, kin ce lafiya lau kin miƙa wa Abdulbaqi, shi kuma ya ce an hana shi magana. Agusta ta wuce. In shagon ya kuɓuce ki gaya mini, zan iya ɗauka. In kuma maganata ce ta yi nauyi, ki yafe mini, ƙuruciya ce ba ta gama sakina ba. Wannan ta hannun wani direban na ba da.

Zubaida

*

Hanyar Shadawanka, Bauchi
Tsakiyar Satumba

Zuwa ga mutanen Lakwaja,

Wa'alaikumus salam. Ki dubi saman takardar nan da kyau, ki ga daga inda ake rubuto miki. Muna lafiya. Ruwa ake yi yanzu haka, kuma ko ɗigo bai taɓa tandata ba. Liatu tana gaishe ki, lemar tana gida ta yi ritaya.

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka iso, bayan an riga an gama komai. Katinki ya yi makonni a gareji tare da buhunan Mijinyawa. Na karanta ta farkon a bayan shago, kuma hayaƙi ya dame ni ƙwarai a wurin, ko da yake ba a kunna wuta ba.

Ke yanzu har kin yarda zan ce yarana uku? Tsokanarki na yi kamar yadda kika tsokane ni. Ranar da yaron nan ya kawo shawarar, ce masa na yi ya ci masarsa ya bar lissafin da ba shi ya yi naƙudarsa ba.

Na jira kati har ana saura kwana kaɗan, shiru. Sai na sake sa atamfar. Da muka zauna Godfrey ya ce, "Mama, uku ko huɗu?" Na ce huɗu. Ya tura mini takarda da biro ya ce in rubuta, shi zai kau da kai. Na riƙe biron, na sake ajiye shi. Sai na ce wa Liatu ta fita ta duba mana keke. Na juya na fuskanci bango, na faɗa. Ban yi raɗa ba. Har matar da ke tebur na gaba ta ɗago kai.

Ba ki taɓa jin sunanki a bakina ba, gaskiya ne. Amma kada ki ɗauka baƙo ne a bakin. A sujada babu kunya. Tun kina cikin zanen goyo, da shi nake farawa kafin na kowa, ranar kyautar lissafi ma da shi na kwana. Takalmin nan kuwa lafiyarsa lau, fuskata ce ba na so a gani.

To, da na ga irin gumin da sunan ya ci mini, sai na ce ba zan bar shi a cikin durowar gwamnati ba. Yaron ya zo layin da ake rubuta sunan sana'a, ya ce, "Mama, shago naka fa?" Na ce ya sa wanda na faɗa ɗazu. Da takardar ta fito, ita na miƙa wa mai fenti na ce ya kwafe, manya-manya, ja a kan fari.

Yanzu ga ni da shagon da ba na iya faɗin sunansa. In an tambaye ni a ina nake, sai in ce na uku daga famfo. Amma tun daga asuba nake jin sa. Matan bariki suna aiko yara, sojoji suna kiran juna a waya suna cewa a haɗu a wurin wance. Ashiru tela da gangan yake tsayawa a bakin ƙofa ya karanta allon da ƙarfi kafin ya yi sallama. Ni dai ina juya masa, kaina a sunkuye, kuma ban taɓa jin daɗin sana'ar nan kamar yanzu ba.

Rasit yana nan a ajiye kamar yadda kika ce. In an yi hutu ki zo ki karanta allon da idonki, don ni ba zan karanta miki ba.

Uwar yara huɗu,
Saudatu

*

Lakwaja
Ƙarshen Satumba

Innata,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai hayaƙin nan naku ya iso har Lakwaja, tun jiya idona bai bushe ba.

Ba zan iya jiran hutu ba, na roƙi izini, muna tafe ranar Juma'a ni da Amatullah. Kada ki turo Abdulbaqi tasha, kada kuma ki yi mini kwatance. Zan tare mai keke in faɗa masa sunana kawai, ya kawo ni wurinki.

Zubaida